Tambaya da Amsa: Satifiket ɗin sa hannuna ya ƙi fitowa a Ubuntu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A ofishinmu muna sa wa takardu hannun lantarki da LibreOffice a kan Windows, lafiya lau. Da na koma kwamfuta mai Ubuntu, sai na tarar da jerin satifiket wayam, babu ko ɗaya. Abokiyar aikina mai Mac ita ma haka. Ina gizo ke saƙar?
Wani mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. LibreOffice ba ya ajiye satifiket da kansa, aro yake yi, kuma gidan da yake zuwa aron ya danganta da kwamfutar. A Windows, ma'ajiyar Windows ɗin yake dubawa. A Linux da macOS kuwa, ta Firefox ko Thunderbird yake leƙawa. Shi ya sa ko abokiyar aikinka ta zuba nata cikin Keychain, wato ma'ajiyar Mac, ba zai gan shi ba.

Fara da duba fayil ɗin da ke hannunka. Wanda ake bukata shi ne mai ƙarewa da .p12 ko .pfx, don shi ke ɗauke da mabuɗin sirri. Mai .cer ko .crt shaida ce kawai, ba ya sa hannu. Idan ba ka da shi, koma kan Windows, buɗe certmgr.msc, shiga Personal, zaɓi satifiket ɗinka, ka yi Export tare da mabuɗin, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi. In ka ga zaɓin mabuɗin a dishe, tun ranar da aka shigar da shi aka hana fitar da shi; sai dai ka koma ga hukumar da ta ba ka.

Sai ka buɗe Firefox, ka bi Settings, Privacy & Security, View Certificates, ka danna Import a shafin Your Certificates. Daga nan ka koma LibreOffice: Tools, Options, Security, Certificate Path, ka zaɓi foldar Firefox ɗin. A Mac, ta Preferences ake shiga. Rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa, in ba haka ba jerin zai zauna yadda yake.

Ga inda mafi yawa ke tuntuɓe. Tun daga Ubuntu 21.10, Firefox a matsayin snap (wani salon ƙunshe manhaja) yake zuwa, kuma foldarsa tana cikin ~/snap/firefox/common/.mozilla/firefox, ba inda aka saba ba. Rubuta about:profiles a Firefox ka ga hanyar daidai, ka nuna wa LibreOffice da hannu. Foldar gaskiya ita ce mai cert9.db da key4.db a ciki.

Idan hannun ya hau amma aka ce ba a iya tantance satifiket ɗin ba, takardarka ba ta lalace ba. Kwamfutar ce ba ta san hukumar da ta bayar da shi ba. Shigar da satifiket ɗin hukumar a shafin Authorities na Firefox, ka ba shi amincewa. Shawararmu: ka karɓe shi daga hukumar kai tsaye, kada ka ɗauko wanda wani ya turo maka ta WhatsApp.

TAMBAYA: Na gyara waƙafi ɗaya bayan na sa hannu, sai hannun ya ɓace. Kuskure ne?
Wata mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Ba kuskure ba ne, Malama, aikinsa ke nan. Hannun yana shaida cewa ko harafi ɗaya bai canja ba, don haka kina ajiye gyara zai sauka. Ki gama gyaranki tsaf, ki ajiye, sannan ki sake sa hannu.