Wata Shida a Ƙafa Kan Hanyar Afalachiya: Me Ke Mayar da Mutane Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bronx ne a birnin Niyok, tasi nake tuƙawa. Ranakun hutu nakan je Bear Mountain in hau dutse in sha iska. Nan na yi ta ganin farin fenti a jikin bishiyoyi, na kuma ci karo da wasu mutane buɗu-buɗu, gemu ya cika musu fuska, kowa da jaka a baya, suka ce daga jihar Jojiya suka taso a ƙafa. Tun ranar abin ya shiga raina. Shekarata 34, lafiyata lau. Yaya zaman yau da gobe yake a hanyar, kuma mene ne babban haɗarinta? Maiɗakina ta ce namun daji za su cinye ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaida uwargida, ka ce mata ta kwantar da hankalinta game da namun daji. Akwai baƙar beyar a hanyar, akwai macizai masu dafi, amma ba su ne ke korar mutane ba. Beyar abincinka take so, kai kuwa tsoronka take ji. Abin da ke karya mutum ƙanana ne, sai dai kullum suna nan.

Farin fentin da ka gani shi ne alamar hanyar Afalachiya, wadda ta taso daga Dutsen Springer a Jojiya ta dire a Dutsen Katahdin a jihar Maine. Tsawonta ya ɗan haura mil 2,190, wato kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. An kammala ta a 1937, kuma Earl Shaffer, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, shi aka fara sanin ya taka ta daga farko har ƙarshe a tafiya ɗaya, a 1948. Yau masu yin haka kan ɗauki wata biyar zuwa bakwai. Ƙungiyar da ke kula da hanyar, mai hedikwata a garin Harpers Ferry, ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe.

Ga yadda wuni yake. Ka farka da asuba cikin buhun barcinka, sanyi na ratsa ƙashi. Safar da ka cire jiya da daddare ba ta bushe ba, takalmin ma haka, kuma su za ka mayar. Wannan lokacin, da kake zaune a bakin tanti kana kallon jiƙaƙƙiyar safa a hannunka, shi ne jarrabawar hanyar, kuma zai dawo maka sau da yawa fiye da yadda kake zato. Ka naɗe tanti da raɓarsa, ka sauko da jakar abincin da ka rataye a reshe, ka haɗiye ɗan abin kari, ka ɗau hanya. Makonnin farko mil takwas zuwa goma ya ishe ka. In ƙafa ta saba, sha biyar zuwa ashirin. Hawa da gangara ne ba iyaka, yawanci cikin duhuwar itatuwa, har masu tafiyar ke kiranta koren rami don sai ka wuni ba ka hango nesa ba. Da yamma ka isa zango. Akwai rumfunan katako sama da 250 a kan hanyar, bango uku ne, gaba a buɗe. Nan za ka ɗebo ruwa a ƙorama, ka tace, ka dafa taliya a ɗan murhun gas, ka kwanta kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Wani na minshari, ɓeraye na tsallake ka. Kafin ƙarfe tara kowa ya yi shiru.

Ƙafa ita ce jarinka. Bororo kan fito tun makon farko, kuma da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai zango. Ƙafa takan kumbura, saboda haka sayi takalmi mai ɗan yalwa, ka kuma sa a ranka cewa za ka kashe huɗu ko biyar kafin Maine. Gwiwa da agara su ne na biyu, kuma abin da ke lalata su shi ne nauyi da gaggawa. A mil na talatin da ɗoriya, a Neels Gap, hanyar ta ratsa ta cikin wani ginin dutse mai kantin kayan tafiya. Can ake zazzage jakar mutum a ƙasa a ware abin da zai mayar gida ta gidan waya: wando na uku, babbar tocila, wuƙa kamar ta mahauci. A ƙofar akwai bishiya da takalma ke reto a rassanta. Mutane da dama daga nan suke juyawa, kwana uku ko huɗu da farawa. Abin da aka saba faɗa shi ne kada kayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, har da ruwa da guzuri.

Sai yunwa. Jiki na iya ƙona kalori 5,000 ko fiye a wuni, kai kuma ba za ka iya ɗaukar abincin da zai maye gurbinsa ba, don haka rama dole ce. Duk kwana uku zuwa biyar ake sauka wani ƙaramin gari a yi sayayya, a yi wanka da wanki, a cika batirin waya. A nan kai kana da abin da abokan tafiyarka ba su da shi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da kilishi. Ba su da nauyi, ba sa saurin lalacewa, garin kuma ko wuta ba ya buƙata. Ka tanade su daga kantunan 'yan Afirka na unguwarku, uwargida ta riƙa aiko maka da ƙunshi zuwa gidajen wayar garuruwan da ke gabanka, haka masu tafiyar ke yi. Zai kuma rage maka wahalar karanta bayan kowace leda, domin a ƙananan garuruwan nan naman alade na ɓuya cikin abinci iri-iri.

Garuruwan nan su ne ke cinye kuɗi, ba dajin ba. Mutumin da ya kwana biyar cikin ruwan sama, ya ga gado da abinci mai zafi, da wuya ya tashi washegari. Ranar da ba a taka ko mil ɗaya ba suna ce mata ziro, kuma ziro kan haifi ziro. Kai da kake tuƙin tasi, lissafinka biyu ne: abin da za ka kashe a hanya, da hayar gida da cefanen wata shida da mota ba ta fita ba.

Abin da nake tsoro fiye da beyar shi ne kaska. Wata irinta ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ita ce ke ɗauke da cutar Lyme, kuma ta yi yawa daga jihar Bajiniya zuwa arewa, har da dajin da kake zuwa hutun mako. Duba jikinka kowane dare, hamata, matsematsi, bayan gwiwa. In ka ga jan zobe a fata ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sauka ka ga likita. Gudawa ma na yawo a rumfuna daga hannu zuwa hannu, kuma sabulu ya fi man goge hannu maganinta. Sanyi kuwa ba sai da dusar ƙanƙara yake kisa ba: jiƙaƙƙiyar rigar auduga da iska sun isa. Bar auduga a gida, ka ajiye kaya busassu guda cikin leda, na barci kaɗai, kome ruwan da aka yi.

Ɓata hanya ba ya yawan faruwa, amma a 2013 wata mata mai shekara 66 ta kauce daga hanya a Maine don ta kama ruwa, ta kasa gane hanyar dawowa, waya ba sabis. Ta rayu kusan wata guda a tantinta, sai 2015 aka gano gawarta, bai fi mil biyu daga hanyar ba. Ƙa'ida ita ce a yi nisan taku saba'in daga hanya da ruwa, a tona ɗan rami a binne. In za ka shiga, waiwaya ka shaida inda ka fito, ka riƙe kamfas. Zai yi maka aiki biyu, don alƙibla daga gabashin Amurka arewa maso gabas take. Ka ware ƙaramar gora ta zama butarka. Batun kasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminku kafin tafiya. Azumi a shekarun nan yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, saboda haka kana iya yin Sallah da iyali ka taso a farkon Afrilu, sai dai ka sani ana so a hau Katahdin kafin tsakiyar Oktoba, daga nan yanayi kan sa a rufe dutsen.

Akwai gajiyar da ba ta jiki ba. A Bajiniya kaɗai hanyar ta haura mil 500, ɗoki ya ƙare, Maine ba ta ko kusa, kewar yara ta taso. Abin da ke riƙe mutane a nan shi ne abokan zango, waɗanda za su laƙaba maka suna tun makon farko har ka manta da na yanka, da mutanen gari da kan ajiye sanyin lemo a bakin titi don baƙin da ba su sani ba.

Kada ka ajiye mota tukuna. Jirgin ƙasan Metro-North da ke tashi daga tashar Grand Central ta Niyok yana da 'yar tasha kusa da garin Pawling mai sunan hanyar, yakan tsaya can ranakun Asabar da Lahadi. Duba hasashen yanayi ka zaɓi makon da za a yi ruwa, ba na rana ba. Ɗauki cikakkun kayanka ka yi kwana biyar kana nufo kudu zuwa Bear Mountain. Ka rubuto mini yadda safiya ta huɗu ta kasance, da abin da ka ɗauka ba ka taɓa ba, sai mu yi maganar jaka da tanti.