Ku Tambaya Mu Amsa: Man Ƙamshi, Lalle, Kwalli da Sabulun Haɗi

Wasiƙun wannan fitowa daga Damagaram suka fi yawa, kuma kusan duka a kan gwaje-gwajen gyaran jiki ne da ake yi a ɗaka. Ga amsoshin waɗanda fili ya ɗauka.

Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramar kwalbar man kanumfari, an rubuta huile essentielle a jikinta. Na shafa a kan ƙurajen fuskata da dare, da safe wurin ya yi ja yana raɗaɗi, yanzu ya zama baƙin tabo. Jabu aka sayar mini? (Wata ɗaliba, unguwar Zango)

Wa alaikumus salam. Sannu ƴar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Wataƙila ma na gaske ne, don na gaske shi ya fi ƙuna. Wannan mai ba irin man gyaɗa ko man riɗi ba ne da ake matsewa daga ƙwaya. Yawancinsa da tururi ake fitar da shi daga ganye ko fure ko ɓawo, kuma sai an tara tsiro tuli kafin a cika kwalbar mililita 10. Sinadarin da ke cikin kanumfari, wanda ke kashe zafin haƙori, shi ne ke cin fata idan ya kwana a kanta tsurarsa.

Ba a shafa shi sai an sirka da mai mai sauƙi: man riɗi, man zaitun, man kwakwa ko man aduwa. Cokalin shayi yana cin mililita 5, wato kusan ɗigo 100, don haka ɗigo ɗaya a cokali ɗaya shi ne kashi 1 cikin 100. Man lafanda da makamantansa, ɗigo 2 a cokali ya isa don jiki, fuska kuwa ɗigo 1. Kanumfari ɗigo 1 a cokali 2, shi ma a jiki kawai. Man kirfa muna ganin kada ya kusanci fata sam. Man ɓawon lemun tsami kuma, da shi kansa ruwan lemun, in aka shafa aka shiga rana suna ƙona wurin su bar baƙin shaci, don haka a bar awa 12 tsakaninsu da rana.

Ko an sirka, a gwada tukuna. Ki shafa faɗin kwabo a cikin hannunki, kusa da gwiwar hannu, safe da yamma har kwana 7. In babu ƙaiƙayi ko ja ko kumburi, sai ki kai fuska. In kuma mai ya ƙone ki, ki goge shi da man riɗi a auduga, sannan ki wanke da sabulu. Ruwa kaɗai ba ya ɗauke shi. Wanda ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15, sai likita.

Tabon zai dushe, amma da watanni. Basilin da dare, inuwa da rana, kada ki murje shi da soso ko ki bi shi da man bilicin. Game da jabu, ki ɗiga a farar takarda ki duba washegari: in kika ga shacin maiƙo, an haɗa da man girki. Masu nauyi irin sandal su kan bar alama ko da na gaske ne.

Jaririna ɗan wata 7 yana mura. Zan iya shafa masa man na'a-na'a a hanci, ko in ɗiga a ruwan wankansa? (Maijego, Sabon Gari)

A'a, Malama, duka biyun kada ki yi. Man na'a-na'a da man itacen turare suna iya taƙure numfashin jariri idan suka zo kusa da hancinsa, kuma fatarsa ta fi taki shan abu. Yaron da bai kai shekara 3 ba a nisanta shi da su. A bokiti kuma mai ba ya narkewa, yana tasowa sama ne ya manne wa fata tsurarsa, sau da yawa a wuri mafi laushi. Babba ma in zai sa, sai ya kwaɓa ɗigo 3 da cokali ɗaya na sabulun ruwa tukuna.

Ki saya masa ruwan gishirin wanke hanci a farmasi, ki ci gaba da ba shi nono akai-akai. In kika ga haƙarƙarinsa na shiga ciki lokacin numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi likita a ranar. Kwalaben kuma a kulle su, ƴar kurɓa ɗaya tana iya kwantar da yaro.

Bikina saura wata guda. Ƙawata ta yi baƙin lalle, bayan kwana biyar zanen ya tashi da ƙuraje masu ruwa. Yaya zan samu lalle mai duhu ba tare da haka ba? (Amarya, Birni)

Allah ya sanya alheri, ya kai mu lafiya. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Iyakarsa ja mai duhu zuwa ruwan ƙasa. Abin da ke yin baƙi wuluk cikin rabin awa garin rinin gashi ne, mai sinadarin da ake rubutawa PPD a jikin kwali, kuma ba don zane a fata aka yi shi ba. Illarsa kan fito daga kwana ɗaya har zuwa mako biyu, daidai siffar zanen. Abin da ya fi damun mu shi ne jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi har abada, ko rinin gashi ta yi nan gaba fuska na iya kumbura. Gwajin ɗan wuri ma ba kariya ba ne a nan, don shafawar farko ita ke koya wa jiki ƙinsa. Ƙawarki ta ga likita, kada ta fasa ƙurajen. Garin kuma guba ne mai kisa in aka haɗiye, kada ya kwana inda yara suke.

Ke kuma ga yadda za ki sa jan lalle ya yi duhu. Ki samu garin lalle sabo, mai kore shar, giram 100. Ki tankaɗe sau biyu da ƙyalle shara-shara, don ragowar kara ke toshe bakin leda. Ki zuba babban cokali 2 na sukari, shi ke sa ya kama fata ya daɗe da danshi. Ki kwaɓa da ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kindirmo. In fatarki ta amince da man lafanda a gwajin da muka faɗa a sama, ki sa cokalin shayi 2, yana taimaka wa launin ya fito. Ki rufe da leda ki ajiye: lokacin zafi awa 4 zuwa 6, da hunturu ya kwana. Ki ɗiga a tafin hannu minti 5, in ya bar ruwan goro mai haske ya nuna.

Ya zauna a jiki aƙalla awa 6. Ɗumi yake so, dalilin da ya sa iyayenmu ke zura hannu a zunguru ke nan. Ki kankare shi, kada ki wanke, ki shafa man kaɗanya, ki guji ruwa har rabin yini. Ranar farko ruwan goro za ki gani, kada hankalinki ya tashi, cikin kwana biyu yake rinewa. Don haka a yi miki ƙunshi kwana biyu kafin ranar da kike son ya fito.

Jarirai kuwa kada a sa musu ko jan. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini, G6PD, lalle yana farfasa musu ƙwayoyin jini su kamu da shawara mai tsanani.

Surukata ta hana in sa wa jikana kwalli, wai yana da guba. Mu da shi aka rene mu. (Kaka, Garin Malam)

Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Mun san ƙauna ce ta sa, amma a wannan karon surukarki tana da gaskiya. Dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa haɗin dalma ne da farar wuta. Ismid da ya zo a hadisi dutse ne daban, sai dai ana sayar da mai dalma da sunansa, kuma ido ba ya rarrabe su. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, hawaye ma yana sauka ta hanci zuwa maƙogwaro. Dalma ba ta nuna kanta nan take: taruwa take yi, ta rage jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai yaro ya shiga makaranta karatu ya yi masa nauyi ba a san mafari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, da yawan da ya wuce na kwalli nesa ba kusa ba.

Ido da cibiyar jariri a bar su haka nan. Manya su nemi fensirin ido mai jerin sinadarai a jikinsa, kuma kowa da nasa, don tandu ɗaya a gida shi ke zagaya da afolo.

Na narka man kaɗanya na haɗa da man riɗi, da ya daskare sai ya yi tsaki-tsaki kamar yashi. Ya lalace? (Mai sana'ar haɗa mai, kusa da Kasuwar Dole)

Bai lalace ba, Malama, a hankali ya huce. Kitsen da ke cikinsa iri-iri ne, wani yana riga wani daskarewa, shi ne tsakin. Ki sake narka shi a kwano bisa ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, ya yi garau, ki bar shi minti 20 a haka. Ki zuba man riɗi, kashi 1 ga kaɗanya kashi 3. Sai ki hutar da shi da sauri, a firigo ko cikin ruwan ƙanƙara. Da gefensa ya fara kamawa tsakiya na da laushi, ki burga da maburgi minti 10. In za ki sa ƙamshi, a nan ake sawa, zafi yana korar shi. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga, shi ke kawo fumfuna.

A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, zai narke a kanti ya sake yin tsaki, don haka ki rage yawan da kike haɗawa. Ki kuma gaya wa masu saye su shafa da fitowarsu daga wanka, jiki da sauran lema. Kaɗanya rufe danshi take yi, ba ta kawo shi.

Fandeshon tana sa ni yin toka-toka, da rana kuma ta dagwalgwale. Maskarata ta bushe, in ɗiga mata ruwa? (Ma'aikaciya, Zinder)

Tokar daga launi ne, ya fi fatarki haske. Ki zana kala uku a muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, ki jira minti 10 ki fita tsakar gida da madubi. Wadda ta ɓace ita ce taki. Dagwalgwalewa kuma yawanci daga mai nauyi ne a ƙarƙashi: ki shafa mai marar maiƙo, ki jira ya shige, ki danna fandeshon kaɗan da soso mai ɗan lema. Hoda a goshi, hanci da haɓa kawai. In gumi ya zo, ki tsane shi da takarda kafin ki ƙara hoda.

Maskara ki yar. Wata 3 ne ƙarshenta bayan buɗewa, ruwa ko yawu kuma ƙwayoyin cuta suke kai wa ido, kada garin neman gira a rasa ido. Sauran kayan ki duba hoton ƴar roba mai buɗaɗɗen murfi: 12M na nufin wata 12 daga ranar buɗewa.

Na haɗa sabulun salo da lemun tsami, zuma, madara da kurkur. Ya yi yauƙi, ya fara wari, fuskata kuma tana ja kamar za ta tsage. (Uwargida, Kara-Kara)

Uwargida, abu biyu suka haɗu. Sabulun salo daga toka da mai ake yin sa, yana da kaifi irin na kanwa, a ma'aunin tsami da kaifi (pH) awonsa kusan 9 zuwa 10, fata kuwa wajen 5 take. Tsamin lemu yana warware shi, mai ya rabu, kumfa ta mutu. Madara da ruwa kuma su suka ruɓe. Wannan a zubar.

Sabon haɗi ya zama busasshe: sabulu giram 250, kurkur babban cokali 1, zuma 1, narkakken man kaɗanya 2. A daka a turmi mai tsabta, a cuccura ƙanana, a shanya a inuwa kwana uku. Ki yi kumfa a hannu ki shafa, kada curin ya taɓa fuska, akwai ɓurɓushin toka da ke yankar fata. Kada ya wuce minti ɗaya, sau ɗaya a rana, da hunturu a riƙa tsallake kwana. Mun san halin ruwa a Damagaram da kuɗin ga-ruwa, amma ɗauraya ba wurin tsimi ba ce, sauran sabulu a fata shi ke sa ta ja.

Muna roƙon ku da babbar murya, kada a matse man tub ɗin nan na hasken fata a cikin haɗi. Da yawansu clobetasol ko betamethasone ne, magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata, su kawo nankarwa, ƙuraje da ciwon da ba ya warkewa da wuri. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, ta ɗauki tub ɗin ta kai wa likitan fata ya tsara mata yadda za ta rage.