Tambayi Mai Gyara: Caja ta ɓata ko ta mutu, me za a jona wa laftof?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan rabinsu a kan cajar laftof suke, shi ya sa na ware huɗu na haɗa su wuri guda. Daga kan teburina na gyara a Circle, cikin birnin Accra, nake amsawa, inda na fi shekara goma ina buɗe cikin kwamfutocin mutane.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a jami'ar Legon, a Nima nake zaune. Na manta cajar laftof ɗina a cikin trotro, wato motar haya, na koma tasha ba a gani ba. HP ce, yayana ya saya mini ta hannu. Jarrabawa saura mako biyu. Maƙwabcinmu yana da cajar Dell, na gwada bakinta ya shiga daidai, amma ban kunna soket ba don tsoro. In kunna?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya mayar miki da alheri, kuma wannan tsoron naki yana kan hanya. Kafin komai, idan da sauran wuta a batir, kunna laftof ɗin yanzu ba tare da jona caja ba, ki kwashe takardun karatunki zuwa filas ko waya, sannan ki kashe.

Sai ki kifa laftof ɗin ki duba gindinta. Akwai ƙananan rubutu, a cikinsu za ki ga lamba da harafin V, da wata da harafin A. A yawancin HP za ki ga 19.5V da 3.33A. Na farko shi ne bolt, wato ƙarfin turin wuta. Na biyu amfiya, wato yawan wutar da take ja. In kin ninka su za ki samu wat, a nan 65 ke nan. Yanzu ɗauki cajar maƙwabci, ki nemi layin da aka rubuta OUTPUT a jikinta, ki gwama.

Bolt shi ne wanda ba a wasa da shi. Kamar ruwan famfo ne, in turin ya fi ƙarfin bututu, bututu ne zai fashe. Bambancin rabin bolt, kamar 19 da 19.5, ba ya yawan kawo matsala. Amma 12 ba zai tayar da ita ba, 24 kuwa yana iya kashe ta. Amfiya ita kamar tankin ruwa ce a saman gida: komai girmansa, abin da kika buɗe kawai zai zubo. Saboda haka caja mai wat 90 ba za ta cuci laftof mai neman 65 ba. Wadda ta gaza ce abin gudu, don za ta yi ta zafi, batir ba ya hawa, har ta gaji ta mutu.

To ga inda zancen naki ya ɗan karkace. Dell da HP duka bolt 19.5 suke amfani da shi, kuma bakin cajarsu girmansa ɗaya, akwai babba mai milimita 7.4, akwai ƙarami mai 4.5. Amma kama da wane ba ta wane. Leƙa cikin bakin, za ki ga wata siririyar allura a tsakiya. Ba wuta take kaiwa ba, ta nan ne laftof take gane wace caja aka jona mata da kuma ƙarfinta, kuma kowane kamfani da irin yarensa. Dell idan ba ta gane caja ba, sai ta fito da gargaɗi, ta ƙi cika batir, ta kuma rage saurin aiki. HP ma sau da yawa haka za ta yi biris da cajar da ba tata ba. Shawarata, ki bar wa maƙwabci kayansa, ki nemi mai HP a cikin 'yan ajinku. Ba sai samfurinku ɗaya ba, in dai bolt ɗaya ne, baki ɗaya, wat ɗin kuma ya kai naki ko ya fi, ki jona hankali kwance.

Ranar da za ki saya kuwa, kada ki zo Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da kwamfuta a nan Circle, da hoton caja a waya. Zo da laftof ɗin kanta, a jona a gabanki, ki tsaya minti goma ki ga lambar batir tana hawa. Ki ɗora yatsa a kan wurin jan kibiya. Idan kibiyar ta fara tsalle-tsalle ita kaɗai da zarar an jona, wutar cajar ba ta da tsabta, mayar musu. Ki kuma auna ta a tafin hannu, don jabu ba ta da nauyi, an rage kayan cikinta. Ni dai na fi yarda da tsohuwar caja ta asali wadda ta zo da kayan hannu daga Turai, ko da jikinta ya kokkoje, a kan sabuwa mai sheƙi a kwali da ba a san mahaifarta ba.

Za a kuma nuna miki wadda ake ce wa ta kowa da kowa, mai bakuna takwas ko goma da ɗan maɓalli da ake turawa daga 12 zuwa 24. Tana aiki, ban hana ba. Sai dai bara wani malamin Islamiyya ya kawo mini laftof ɗinsa ba ta ko motsi. Irin wannan cajar ce, yana ajiye ta a 19, ƙaramin ɗansa ya yi wasa da maɓallin ya kai ƙarshe, shi kuwa ya dawo daga sallar isha ya jona a cikin duhu. Sunayen ɗalibansa da sakamakon jarrabawarsu duk suna ciki. Na samu na ciro masa takardun, amma babban allon da ke cikin kwamfutar ya tafi, kuma har yau abin yana damuna. In ita kika saya, saita ta a kan lambar da ke gindin laftof ɗinki, ki naɗe maɓallin da salatif yadda ba zai sake motsi ba.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Maamobi, a laftof nake rubuta bashi da lissafin kaya. An ɗauke wuta an dawo da ita, tun daga nan cajar ba ta kawo haske. Lenovo ce, bakin cajarta irin na wayata. Ɗana ya ce in sa cajar waya kawai. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, barka da kasuwa. Kada ku yi saurin yanke wa cajar hukunci. Caja kashi biyu ce, akwai akwatin, akwai igiyar da ke zuwa bango. Fulogin da muke amfani da shi a Ghana, mai ƙafa uku, yana da fiyus a cikinsa, kuma in wuta ta dawo da ƙarfi, shi ne yake fara sadaukar da kansa. Mutane da yawa sun zo wurina da niyyar sayen sabuwar caja, suka koma da tsohuwarsu bayan an canja igiya ko fiyus. A sa yaro ya ari igiyar wata caja ya gwada.

Idan akwatin ne ya mutu, maganar ɗanku tana da gaskiya rabi. Wannan ƙaramin bakin mai siffar ƙwayar magani shi ake kira USB-C, kuma yana da wani tsari da ake rubutawa PD. Da an jona, caja takan fara da bolt 5, sai na'urar ta faɗi abin da take so, ko 9, ko 15, ko 20, caja ta ba ta in tana da shi. Saboda wannan cinikin da suke yi a tsakaninsu, cajar waya ta kirki ba za ta ƙona laftof ba. Abin da zai faru shi ne ta kasa. Cajar waya ta yau da kullum wat 10 ce, masu sauri 18 zuwa 25, alhali laftof irin taku 45 ko 65 take nema, a kan bolt 20. Wata laftof ɗin za ta karɓa tana hawa a hankali in an kashe ta an bar ta ta kwana, wata ko kallo ba za ta yi ba.

Abin da za ku aika a saya shi ne caja mai PD, wat 65, a kuma tabbatar an ga 20V a rubuce a jikinta. Na nanata wannan ne don akwai cajojin waya da aka buga wa babbar lamba, amma da wayar kamfaninsu kaɗai suke ba da wannan ƙarfin. Igiya ita ma sai an duba. Dole kanta biyu su zama USB-C, domin mai babban kai a gefe guda ba ta ɗaukar wannan aikin. Igiya ta gama-gari tana kai wat 60, mai kai 100 akwai ɗan guntun na'ura a cikin kanta, za a ga an rubuta 5A ko 100W.

Ga sauran masu karatu, ba kowace kafar USB-C ce ke shan caji ba. Wata ta kwasar takardu ce kawai, musamman a laftof mai araha da ke da zagayayyen bakin caja daban. A nemi alamar fulogi ko ta walƙiya a gefen kafar. Wannan rikici dai ya kusa raguwa, don Tarayyar Turai ta sa doka cewa daga 28 ga Afrilu 2026 sababbin laftof da za a sayar a can su riƙa caji ta USB-C. Tun da kayan hannu da yawa daga can suke zuwar mana, bayan 'yan shekaru za mu gani a kasuwa.

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon aure da suna, wani lokaci har Kumasi da Tamale. Sau biyu wuta tana yanke mini aiki ana jiran hotuna. Fawa banki ko mota, wanne zai fisshe ni?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun suna yi, amma ka san iyakarsu. Fawa bankin waya bolt 5 yake bayarwa, ba zai yi ba. Wanda kake nema shi ne mai PD da ke fitar da wat 65 ko 100. Kada lambar 20,000mAh ta ruɗe ka, a kan bolt 3.7 ake ƙirga ta, in an juya lissafin 74Wh ne, wato wat 74 na awa ɗaya. Batirin yawancin laftof tsakanin 40 ne da 60, kuma wani kaso yana tafiya a zafi wajen juya wutar. Cika ɗaya ke nan da ɗan ragowa. Idan laftof ɗinka mai zagayayyen baki ce, akwai igiya mai USB-C a kai ɗaya da bakin laftof a ɗayan, wadda ke roƙon bolt 20 daga fawa banki. Ka sayi wadda aka yi don irin taka, saboda maganar allurar nan da na yi wa ƙanwarmu ta Nima.

Sai dai ku masu haɗa bidiyo, na'urorinku da ci. Duba cajarka ta asali, in ka ga wat 130 ko 180, fawa banki ba zai riƙe ta tana aiki ba, sai dai ya ɗan ja maka lokaci.

A mota, batir bolt 12 ne. Akwai cajar da ake sokawa a wurin kunna taba, tana ɗaga wutar zuwa 19 ko 20, wasu kuma suna da kafar PD. Ta fi inbata, don inbata sai ta mai da wutar 230 sannan cajarka ta sake sauke ta, asara biyu. Ka tayar da injin tukuna sannan ka jona, kuma kada ka daɗe kana ja mota tana kashe, in ba haka ba kai da direba za ku kwana neman mai turi. Manyan motocin kaya da bas-bas da yawa bolt 24 ne, ka tambayi direba kafin ka soka komai. Farantin sola kuma ba a haɗa shi kai tsaye da laftof, wutarsa tana hawa da sauka da rana. Ya cika batir ko fawa banki, kai kuma ka sha daga nan.

Tambaya: Baba, ina aji biyu a sakandare. Na ga bidiyo ana cajin laftof ta kafar HDMI, wani kuma ya fere igiya ya ɗora a kan batir. In gwada?

Amsa: A'a, yarona, kada ka gwada ko ɗaya. HDMI hoto da sauti take kaiwa talabijin, ɗan wutar da ke cikinta bai kai rabin wat ba, kuma fita yake, ba shiga ba. Manyan kafofin USB masu kusurwa huɗu su ma bayarwa suke, ba sa karɓa. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali. Batirin laftof na litiyom ne, ƙwayoyi biyu, uku ko huɗu a jere, kowace tana da iyakar da ba a ƙetarewa, kusan bolt 4.2, kuma akwai na'urar da ke tsaron wannan iyaka. Wanda ya ɗora igiya tsirara yana iya tsallake mai tsaron, batir ya kumbura ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Ka san yadda ɗakunanmu suke manne da juna a Zango, da katifa da labule ko'ina.

Amma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa, kuma na ga kana da sha'awar aikin. Ka sami mai gyara a unguwarku ranar Asabar, da izinin mahaifinka, ka ce ya nuna maka yadda ake riƙe mitar auna wuta. Ka fara da auna bakin caja: baƙar igiya a jikin ƙarfen waje, ja a bangon ciki, ka kiyaye kada ta taɓa allurar tsakiya. In ka auna, rubuto mini lambar da ka gani da wadda aka rubuta a jikin cajar.