Tambayi Likita: damuwa, gado da matasan da ke shan maganin HIV

Tambayoyin wannan karon daga matasa suke da masu riƙonsu, daga ƙauyukan Kano da Jigawa. Na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum.

Likita, shekarata 19, daga yankin Gaya. Da HIV aka haife ni, sai da na kai 15 aka faɗa mini. Kafin mahaifiyata ta rasu ta daina magana da mutane, ta daina cin abinci, ƙaninta ma ya taɓa yin haka. Wata uku ke nan ba na barci, ba na sha'awar komai, ko kitson da nake yi na bari. Cuta biyu na gada ke nan?

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. HIV ba gado ba ce irin na sikila, ba ta cikin ƙwayoyin halittar da iyaye ke ba 'ya'yansu. Ƙwayar cuta ce da ke tsallakawa daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. Idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke kamuwa. Idan tana sha yadda ya kamata, ba su kai 5 cikin 100 ba. Don haka ke kina iya haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, kuma mahaifiyarki ba da saninta ta sa miki ba.

Ciwon damuwa kuwa yana da hannun gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na haɗarin kamuwa da shi, kuma wanda uwarsa ko ubansa ya yi ciwon ya fi sauran mutane haɗari ninki biyu zuwa uku. Amma babu wata ƙwayar halitta guda ta damuwa. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta, kuma kaso mafi girma yana wajen abin da rayuwa ta ɗora wa mutum. Kamar katangar ƙasa ce: wata ƙasar ta fi wata jure ruwa, amma yawan ruwan da ya dake ta da ko an yi mata yaɓe kafin damina su ke sa ta tsaya ko ta zube.

Ke kuma ruwa ya dake ki da yawa. Maraici, labarin da ya faɗo miki kina shekara 15, da ɓoye kwalbar magani a ƙasan akwati kada ƙararta ta tona miki asiri. Duk lokacin da mutum ya shiga fargaba, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ga wasu ƙananan sassa da ke saman ƙoda su saki sinadarin kotisol. Aikinsa ya hau na ɗan lokaci ya sauka. Idan fargabar ta zama ta kullum, tsarin sai ya rikice, barci ya lalace, cin abinci ya ragu, zuciya ta mutu. Shi ya sa ciwon damuwa ya fi yawa a masu HIV, kusan ninki biyu ko fiye.

Abin da kika bayyana ya wuce mako biyu, saboda haka lalura ce da ake yi wa magani, ba rashin tawakkali ba. Kada ki jira ranar karɓar magani. Ki je asibitinki ki faɗa musu kalma da kalma yadda kika faɗa mini. Akwai tambayoyi tara da ake auna damuwa da su, za a kuma duba ƙarancin jini da tarin fuka, domin su ma suna kashe jiki. Farkon magani zama ne da mai ba da shawara a kai a kai. Idan abin ya yi nauyi ana ƙara ƙwaya irin su fluoxetine, wadda sai ta yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinta, kuma a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Sannan ki koma kitso tun kafin sha'awar ta dawo, ko kai ɗaya a rana. A wannan ciwon aiki ne ke jawo sha'awa, idan kika zauna jiranta za ta daɗe ba ta zo ba.

Ni goggo ce ga wani maraya ɗan shekara 13, a yankin Ringim. Mun ce masa maganin ƙarin jini yake sha. Yanzu ya fara zubar da shi, ya zama mai faɗa. Ina tsoron faɗa masa.

Hajiya, Allah ya saka miki da alherin riƙon maraya. Amma lokacin faɗa masa ya yi, har ya ɗan gota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yi wa yaro bayani daidai hankalinsa tun yana shekarun firamare, ya san cikakken sunan lalurarsa kafin ya wuce 12. Yaron da yake jin kansa garau ba zai ga dalilin haɗiyar ƙwaya kullum don ƙarin jini ba. Mai yiwuwa ma ya riga ya karanta sunan maganin ya tambayi wani mai waya. Faɗan da kike gani yakan zama yadda damuwa ke fita a yara maza.

Ki fara zuwa asibiti ke kaɗai, ku tsara da ma'aikaciyar da ya saba da ita. Kada a faɗa masa cikin fushi, ko a matsayin barazana don ya sha magani. Zai tambayi abu uku: zan mutu, daga ina na samu, wa ya sani. Ki ba shi gaskiya, ba tare da ɗora wa iyayensa laifi ba. Zai iya yin kwanaki yana fushi da ke, ki jure. Ki kuma tambaya ko asibitin na da zaman matasa na OTZ, inda yara masu irin lalurarsa ke haɗuwa. Ranar da ya ga sa'o'insa suna dariya suna shan irin ƙwayarsa, wani nauyi zai sauka daga kansa wanda ni da ke ba za mu iya sauke masa ba.

Shekarata 22, daga yankin Haɗejiya. Ina noma da damina, in tafi ci-rani Legas. An ce ƙwayar cutar ta ƙaru a jinina. Yawan tunani ne ya jawo? Ina shan tramadol don in samu ƙarfin aiki.

Ƙanena, tunani yana taɓa garkuwar jiki, amma wanda ke shan maganinsa kullum ba tunani kaɗai zai tayar masa da ƙwayar ba. Hanyar da damuwa ke bi ita ce ta sa mutum ya manta, ko ya ce me ma amfanin sha. Ka ƙirga da gaskiya kwana nawa ka tsallake, musamman a wajen ci-rani inda kuke kwana ɗaki ɗaya da abokai. Idan sakamakon gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ya haura 1,000, za a zauna da kai na wata uku a gyara yadda kake sha, sannan a sake gwaji. Da yawa sukan sauka ba tare da an canza magani ba. Kafin ka yi tafiya ka nemi a ba ka na wata uku zuwa shida, da takardar da za ka nuna a wani asibitin.

Abu ɗaya da mutane ba su sani ba: farin maganin olsa na ruwa da ƙwayar ƙarin jini suna hana maganin HIV mai suna dolutegravir shiga jiki sosai. Ka sha naka awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu.

Tramadol kuwa ƙarfin aro yake ba ka. Yana iya kawo farfaɗiya, yana kama jiki, kuma idan ya sake ka damuwar ta fi ta da. Haɗa shi da maganin damuwa na da haɗari, don haka ka faɗa wa likita kana sha, a rage maka a hankali. Wiwi ma ka nisance ta, balle idan akwai taɓin hankali a danginku.

Ƙanwata na yin munanan mafarkai tun da ta fara magani. A gida an ce aljanu ne.

Ku duba sunan da ke jikin kwalbar. Idan akwai efavirenz, sanannen abu ne yana kawo mafarkai, jiri da damuwa. Nan ma gado na da hannu: wani sinadarin hanta mai suna CYP2B6 ne ke narkar da maganin, kuma 'yan Afirka da yawa sun gaji nau'in da ke aiki a hankali, sai maganin ya taru a jini. Yawancin mutane a Najeriya an mayar da su kan TLD mai dolutegravir. Shi kuma yakan hana wasu barci, sai a mayar da shansa da safe. Ku yi addu'a, amma kada a dakatar da magani, kada a ɗaure ta ko a dake ta. Idan ga ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, sanƙarewar wuya ko ruɗewa, ku tafi asibiti a ranar. Idan tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da na Kazaure, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku tafi da kwalbar, domin wasu magunguna irin su carbamazepine suna rage ƙarfin dolutegravir.

An sa ranar aurena, saurayin bai sani ba, ga gwajin kafin aure. Wani lokaci sai in ji gara in mutu kafin asirina ya tonu.

'Yata, maganarki ta ƙarshe ita na fi ɗauka da muhimmanci, kuma na gode da kika furta ta. Yau ɗin nan ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, ki daina kwana ke kaɗai, a fitar da fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunki zai kai. Gobe da safe ya raka ki asibiti. Irin wannan tunanin yakan taso da ƙarfi ya lafa, kuma yana jin magani.

Batun aure yana da mafita. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, don haka zai sani, kuma gara ya ji daga bakinki. A likitance ba abin da ya hana ki aure: wadda ke shan magani har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a gwaji, ta kuma zauna a haka, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya. Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta tsangwamar masu HIV. Yana iya karɓa, yana iya janyewa, kuma ko wanne ya faru za mu tsaya tare da ke. Ki nemi sakamakon gwajinki na baya-bayan nan, ki roƙi mai ba da shawara ta ware muku lokaci a ɗaki ku uku, ta yi masa bayani ya yi tambayoyinsa, tun kafin ranar da iyaye za su tura ku gwaji.