Amsa ga ɗan'uwan da yaronsa ya tsorata da doki bayan faɗuwa

Wa'alaikumus salam Malam. Da farko Allah Ya ƙara sauƙi, Ya tsare gaba. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, domin duk wanda ya daɗe yana koya wa yara hawa ya san wannan damuwar, ya kuma san yadda take cin zuciyar uba. Ka ce ɗanka shekararsa 9, doki ya zabura da shi wajen kilisa ya faɗo, tun daga ranar ko bakin barga ba ya son zuwa, in an ɗora shi sai kuka da rawar jiki. Ga Sallah saura wata biyu, an riga an ɗinka masa kayan hawa, 'yan barga kuma suna cewa a mayar da shi sirdi ƙarfi da yaji, tsoron zai fita da kansa.

Don Allah kada ka yarda da wannan shawarar. Ita ce ta fi komai ɓata yara a harkar nan, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ta. A ɗauki yaro yana ihu a ɗora shi, manya na tsaye suna dariya, wani ya ce matsoraci, wani ya ce ubanka ma ba haka ya yi ba, can sai wani ya zagayo ta baya ya tsula wa dokin bulala a kuturi wai don yaron ya saba. Me zai saba da shi? Abin da ya koya ranar shi ne idan yana kan doki ba shi da iko da komai, kuma manyan da ya dogara da su ba za su cece shi ba. Yaron da aka yi wa haka yakan yi shiru, sai a ce ai ga shi ya daina kuka. Bai daina tsoro ba, ya daina faɗa ne. Masu yin wannan kuwa sau da yawa ba mugunta ce ta sa su ba, haka aka yi musu suna yara, amma su suna tuna waɗanda suka jure ne kawai, sun manta da yaran da suka bar doki har abada daga wannan ranar. Ga shi kuma in yaron ya sake faɗowa ya karye, babu ɗayansu da zai kwana da kai a asibiti. Duk wanda ya taɓa dukan doki alhali yaro na kai, a hana shi kusantar wurin koyon, ko wane ne shi a gidan.

Ka lura da yadda jikin yaro mai tsoro yake yi a kan sirdi, a nan matsalar take. Zai duƙa gaba, ya matse ƙafafunsa a cikin dokin, dunduniyarsa ta ɗaga sama, ya ja igiyar linzami da duka ƙarfinsa, ya riƙe numfashi. A wurin doki, matse ƙafa da duƙawa gaba ma'anarsu "tafi", jan linzami kuma "tsaya". Umarni biyu masu karo da juna a lokaci guda, ga zafin ƙarfe a baki. Linzaminmu na gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da tsanani sosai, hannun gwani yake so. Idan yaro ya rataye nauyinsa a kansa, dokin zai riƙa kaɗa kai, ko ya ja da baya, ko ya yi tabarya, wato ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya. Yaron ya ƙara tsorata, ya ƙara ja, abin ya ci gaba da ƙaruwa. Shi ya sa a makonnin farko ba a ba shi igiyar linzami gaba ɗaya. A sa wa dokin ragama, wato igiyar kai marar ƙarfe a baki, babba ya riƙe igiyar, shi kuma yaron a ɗaura masa wata igiya mai kauri ko maɗaurin fata a wuyan dokin gaban sirdi, ya riƙa kamawa. In ya firgita ya ja, bai taɓa bakin dokin ba.

Amma ma kafin hawa, ka bar shi a ƙasa tukuna. Mako guda, ko biyu in ta kama. Kullum minti 15 zuwa 20 ya isa, da safe ko bayan La'asar. Ranar farko ya tsaya inda shi ya ga dama, ko da taku goma ne daga turke, ya kalli ana shafe dokin ana ba shi harawa. Sannan ya matso ta gefen kafaɗar hagu. Ka nuna masa cewa doki yana gani kusan ko'ina a kewayensa ban da wuri biyu, daidai gaban goshinsa da daidai bayansa, don haka ta kafaɗa ake zuwa masa ana magana. Ka koya masa karanta kunne: in kunnuwan sun kwanta baya sosai, dokin ya fusata, a ja da baya, in sun miƙe gaba, wani abu yake kallo, in sun saki gefe, leɓen ƙasa ya saki, ya ɗan ɗage ƙafar baya guda, hutawa yake yi. Yaro in ya fara gane waɗannan alamu, dokin ya daina zama masa abin da ke fashewa ba dalili. Ya goge masa wuya da buroshi, ya ba shi dusa a kwano, in da hannu ne tafin a buɗe yatsu a miƙe. Daga nan ya ja shi da ragama kana gefe, taku biyar a tsaya, taku biyar a tsaya. Kada ya taɓa naɗa igiyar a hannunsa, ninka ta ake yi a riƙe. Ranar da ya ga dabba mai nauyin sama da kilo 300 ta tsaya saboda shi ya ce ta tsaya, ka duba fuskarsa.

Ba ka faɗi wane doki ne ya yar da shi ba, amma ina kyautata zaton ingarma ne da ya kwana biyu a turke yana cin gero. Wannan ita ce matsalarmu ta gida. Mu maza muke hawa, ba a cika fiɗiye su ba, a ɗaure su kwana uku ko huɗu ana ɗura musu hatsi, sai a kwance a ɗora yaro. Dole ya yi tutsu, ƙarfi ne ya taru masa. In kuma ya jiyo ƙamshin goɗiya ko haniniyar wani ingarma, babba ma sai ya yi da gaske. Ka nemi tsohon doki mai sanyin hali, shekara 12 zuwa sama, wanda ya saba da hayaniya, in an samu ƙuru, wato gajeren doki, ya fi, saboda tazarar ƙasa ma tana cikin abin da ke tsorata yaro. Masu dawakin folo sukan ajiye goɗiya ko fiɗiyayyen doki da ya gama wasa, irinsu na da kyau wajen koyo in an tabbatar sun huce. A rage masa hatsi a kwanakin koyon, a ƙara ciyawa da harawa, kuma kullum babba ya fara hawansa minti 20 ya fitar masa da zafi kafin yaron ya zo. Kada a mayar da shi kan wanda ya yar da shi yanzu. Wannan sai can gaba, in shi ya nema.

Tunda na taɓo maganar, ku riƙa duba bayan dawakin nan. Doki da yawa da ake cewa mugu ne, gyambo ne a ƙarƙashin sirdi, ko majayi, wato maɗaurin sirdi da ke bi ta ƙarƙashin ciki, ya ci masa fata a bayan ƙafar gaba, ko linzami ya yanka masa gefen baki. A cire sirdi a bi bayan da tafin hannu, in ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, akwai ciwo. Musamman na haya da ake samu gab da Sallah, waɗanda mutum goma ke hawa a rana. Abin tausayi ne, kuma dabbar da ke jin zafi ba ta da haƙurin ɗaukar ɗan koyo.

Ranar hawan farko a yi shi a killataccen wuri mai yashi, ba bakin titi ba, babu babura, babu 'yan kallo. Kai da mai riƙe doki da mutum ɗaya a gefe, shi ke nan. 'Yan'uwansa da abokansa su tafi, domin kunyar a gan shi yana tsoro ta fi faɗuwar ciwo a wannan shekarun. A ɗaure majayi har yatsu biyu su shiga da ƙyar, a zagaya da dokin minti 5 a sake dubawa, saboda doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya saki sai sirdi ya juya. Tsawon likkafa a auna da hannun yaron: ya ɗora kan yatsunsa inda igiyar ta rataya a sirdi, ƙasan likkafar ya kai hammatarsa. Sirdin manya yana da faɗi, ƙafar yaro ba ta kai likkafa, sai ka ga an cusa masa ƙafa a cikin igiyar likkafar. Kada a yi haka ko kusa. In ya faɗo ƙafar ta maƙale, dokin zai ja shi a ƙasa, kuma wannan shi ne haɗarin da ya fi kowane muni. Takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya, ba silifas ba. Ƙaimi da bulala a ajiye su. Hular kwano ta hawa kuwa dole ce, ta zauna yatsu biyu sama da gira, a ɗaure igiyarta a haɓa. Na san za a ce ba al'adarmu ba ce. 'Yan folo na Katsina da Kano da Kaduna da ita suke wasa, kuma ba wanda ya ce ba mahaya ba ne.

Abin da za a fara koya masa shi ne sauka. Ya hau ta hagu, daga kan turmi ko benci don kada a yi ta ja, ya zauna a ƙirga goma, ya cire ƙafa biyu daga likkafa, ya duƙa gaba, ya ƙetaro da ƙafar dama ta baya ya zame ƙasa. A maimaita sau uku ko huɗu, a tashi. Ranar ko taku ɗaya ba sai an yi ba. Ka yi masa alkawari cewa duk sanda ya ce tsaya za a tsaya, duk sanda ya ce zan sauka za a sauke shi, kuma ka cika. Zai gwada ka, zai ce tsaya ba dalili sau biyar a jere. Ku tsaya duk sau biyar ɗin. In ya tabbatar maganarsa tana aiki, da kansa zai rage faɗa. In aka saɓa sau ɗaya da "ɗan ƙara kaɗan mana", an koma farko.

Sannan tafiya a hankali, mai riƙe doki a gaba, kai a gefe tafinka a kan cinyarsa. Kada ka riƙa ce masa kar ka ji tsoro, ba ta aiki. Ba shi abin yi. Ya ƙirga takun dokin da ƙarfi, ko ya karanta maka wata sura da ya haddace, ko ya faɗa maka sunayen 'yan ajinsu. Wanda ke magana dole ya yi numfashi, in ya yi numfashi bayansa zai saki, dokin ma ya ji ya saki. Ce masa ya kalli bishiyar can gaba, ba wuyan doki ba. Dunduniya ƙasa, kafaɗa baya, ya zauna kan ɗuwawunsa sosai. In ya fara sakewa, ya saki hannu ɗaya ya taɓa geza, ya taɓa gwiwarsa, ya juya ya taɓa bayan sirdi, ya miƙe tsaye a likkafa a ƙirga uku. Bayan kamar mako biyu da haka, a sa dokin a doguwar igiya ta mita 7 ko 8 yana zagaye babba a tsakiya. Sai yaron ya iya zama ba riƙo sannan a ba shi igiyar linzami, shi ma tare da ragamar a hannun babba. A koya masa tsayawa: ya fitar da numfashi, ya zauna da nauyi, ya ja a hankali ya saki, ba ja ɗaya mai tsawo ba. Da kuma juyawa da igiya ɗaya, domin dokin da ya fara sauri, karkato kansa a zagaya da shi ya fi jan igiya biyu tasiri. Sassarfa taku biyar ko shida kawai a farko, kuma a gaya masa kafin a fara. Sukuwa ba ta cikin lissafin bana.

Za a samu ranar da zai koma baya, jiya ya yi zagaye goma yau ya ƙi hawa. A koma matakin da ya iya, a gama da abin da ya yi daidai, a tashi. Kada a yi masa gori da ƙanensa ko 'yar wani da ta fi shi.

Na manta ban tambaya ba, ya bugu a kai ranar da ya faɗo? In yana yawan ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko barcinsa da halinsa sun canza, a kai shi likita kafin a yi maganar doki. Wani lokacin kuma ƙin hawan ciwo ne a ƙugu ko wuyan hannu da yake ɓoyewa.

Maganar Sallah, gaskiya zan gaya maka ko ba daɗi. Wata biyu na iya isa ya zauna a sirdi hankali kwance a cikin gida. Amma hawan Sallah ko hawan Daushe wani abu ne daban: ƙarar bindiga, tambari da algaita da kakaki, ingarmu a matse da juna, jama'a ta ko'ina, sa'o'i cikin rana da rawani da alkyabba. Manyan mahaya ma dawakai na kubce musu a wurin. Ka cire masa wannan wa'adin daga kai, ka faɗa masa a fili cewa ko bai hau bana ba babu komai, kuma ka faɗa wa kakanninsa da baffanninsa su daina tambayarsa. In lokacin ya zo shi da kansa ya ce zai hau, to a kan tsohon dokin nan da ya sani, wanda aka gwada shi da ganga da ƙara tun kafin ranar, mutum biyu a ƙasa dama da hagu riƙe da ragama daga fita har dawowa, a bayan tawaga, nesa da 'yan bindiga da masu jafi, wato masu sukuwar gaisuwa. In kuma ya ce a'a, ya sa kayansa ya hau a ƙofar gida a ɗauke shi hoto, ku je kallo tare. Kayan a ajiye, in sun yi masa kaɗan baɗi a ba ƙanensa.

Ka sanar da mu shekarun dokin da kuke da shi da irin linzamin da ake sa masa, sai mu ga ko za a iya amfani da shi ko a nemo wani.