Takobin Gado: Yadda Ake Gane Tsoho da Sabo

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gāji takobi a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, ana cewa da shi aka yi Yaƙin Basasar Kano. Akwai tambarin jinjirin wata biyu a jikinsa. Ta yaya za mu tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Basasa dai an yi ta ne daga 1893 zuwa 1895, don haka ana maganar ƙarfen da ya haura shekara 130. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, ruwan takobi da ƙotarsa da kubensa ba kasafai suke zama sa'annin juna ba. Fata tana mutuwa, baduku ya sake wata, ƙota ta yi girgiɗi, maƙeri ya sauya. Saboda haka sabon kube ba ya ƙaryata labarin gidanku. Ruwan shi ne abin dubawa.

Takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawon ruwansa wajen santimita 80, kansa kuma ya fi kusa da kewaye fiye da tsini. Da yawa daga cikin tsofaffin an shigo da ruwansu ne daga Solingen ta ƙasar Jamus, ta hanyar Sahara, a nan gida ake sa musu ƙota. Heinrich Barth, wani Bature matafiyi ɗan ƙasar Jamus, ya tarar da wannan ciniki a Kano a 1851.

Fito da shi hasken hantsi, ka karkata shi. Dubi layukan nan masu ɗan zurfi da ke tsakiyar ruwan, galibi guda uku. A ƙirar Turai za ka gan su sambal, zurfinsu ɗaya, suna ɓacewa a hankali. A ƙirar gida sukan ɗan karkace, da alamar kurfi ko magagari. Sannan shafa kaurinsa daga gindi zuwa kai: tsohon takobin yaƙi yana sirancewa, shi ya sa ba ya nauyi a hannu. Wanda kaurinsa ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, ga nauyi kamar taɓarya, ga zanen injin wāshi a jiki, yawanci sifirin mota ne ko falangen ƙarfe aka yanka don hawan sallah.

Jinjirin watan kuwa kada ya ruɗe ka. Asalinsa tambarin maƙeran Turai ne, amma da ya yi suna sai maƙeranmu da na Buzaye suka riƙa buga irinsa. Na asali an buga shi da hatimi ɗaya, fuskar watan ta fito fes, kuma ya cinye tare da ƙarfen da ke kewaye da shi. Idan gefensa yana da kaifi, cikinsa yana ƙyalli alhali jikin takobin ya yi duhu, daga baya aka sa. Ƙirar gida ma ba aibu ba ce, akwai tsofaffi na ƙwarai da aka ƙera da tama. Ƙarfe dai zai iya nuna zamaninsa, amma zuwansa Basasa sai dai bakin dattawa. Ku rubuta sunan kakan da ya riƙe shi da sarautarsa tun masu sani suna raye, ku kuma kai hotunansa Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, a kwatanta.

Tambaya: Namu ya yi tsatsa. In wanke shi da ruwan batir? Akwai kuma wanda ke son saya. Daga Ɗambatta.

Amsa: Kul! Ruwan batir da lemon tsami da samfefa suna cinye tambari, darajar ta tafi ke nan. Baƙin da ya kwanta a jiki a bar shi, jar tsatsa ce ke cin ƙarfe. Ɗiga man keken ɗinki, ya kwana biyu, ka goge da tsumman auduga ta tsawonsa, ka maimaita har jan ya daina fita. Ban da man gyaɗa da manja, danƙo suke yi. Da damina a zare shi daga kube, domin fata tana riƙe laima, a rataye shi nesa da bangon ƙasa saboda gara.

Batun sayarwa kuwa, a dokar Najeriya aikin hannun da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, ba a fitar da shi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Tuntuɓe su kafin ka karɓi ko sisi.