Ga ɗan'uwan da ya tambaya ko haƙurinsa tsoro ne

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ka ce kai tela ne, maƙwabcin shagonka kullum sai ya jefe ka da magana, yana aibata bangaskiyarka a gaban masu kawo ɗinki, har ya taɓa watsa maka ruwan datti a bakin ƙofa. Abokanka na zuga ka ka nuna masa kai ma namiji ne, kai kuma kana son sanin ko shirun da kake yi haƙuri ne ko tsoro, da kuma har yaushe Kirista zai ta juya ɗaya kuncin.

Amsata ita ce kada ka rama, amma kuma kada ka bar maganar ta ruɓe a cikinka. Ka buɗe Yahaya sura 18. Lokacin da ɗaya daga cikin dogaran babban firist ya mari Yesu, bai ɗaga hannu ba, amma ya yi magana. Ya ce wa mutumin in mugun abu ya faɗa to ya nuna, in kuwa gaskiya ya faɗa, don me ya mare shi. Wanda ya koya mana juya kunci shi ne kuma ya yi wannan tambayar, ido cikin ido. Wannan ayar ce ta riƙe ni shekarun da na yi ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, nan Kaduna.

Akwai wani da muke aikin dare tare, shi ma Kirista ne, ka lura da wannan. Duk zaren da ya tsinke, duk injin da ya tsaya, sunana yake kai wa shugaban sashe. Wata rana ya zage ni da uwata a gaban yaran da nake koya wa aiki. Hannuna ya ɗauki rawa, ga sifana a kusa da ni a kan benci. Sai na haɗa hannuwana biyu a baya, na riƙe ɗaya da ɗaya, na fita zuwa famfo na wanke fuska, na tsaya ina kiran sunan Yesu a hankali har numfashina ya daidaita. Wannan ɗan lokacin na farko shi ne yaƙin gaba ɗaya. Kai da kake riƙe da almakashi ka fi ni sani: yadi sai an auna ake yankawa, abin da aka yanka kuwa ba ya komawa.

Da gari ya waye muka tashi, na same shi wurin mai shayi, shi kaɗai. Na gaishe shi, na zauna, na ce, "Jiya ka ci mutuncina a gaban yara, ya yi mini zafi ƙwarai. Me na yi maka?" Da farko ya yi ta kame-kame. Can sai ta fito cewa wani ne ya gaya masa ina neman kujerarsa. Ba mu zama aminai ba, kuma bai taɓa cewa in yafe masa ba. Amma zagin ya tsaya, ranar da mahaifiyata ta rasu kuma ya zo gaisuwa har gida.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne abokan nan naka. A Kaduna faɗan mutum biyu ba ya tsayawa a kan mutum biyu idan aka saka masa sunan addini. Mu da muka ga rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 mun san haka da jikinmu. A lokacin ina zaune a arewacin kogin Kaduna, maƙwabcina Musulmi ne ya ɓoye matata da 'ya'yana a ɗakin matarsa har sojoji suka fito da mu. Bayan nan ne muka koma Sabon Tasha, kamar yadda dubban iyalai suka yi ƙaura, Kiristoci suka yi kudu zuwa su Television da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi suka yi Tudun Wada da Rigasa. Samarin da suka fita ramuwa da zafin kai, wasu mu muka binne su, iyayensu mata har yau suna cikin Zumuntar Mata suna waƙa da hawaye. Duk wanda ke zuga ka yau, ba shi zai kwana a ofishin 'yan sanda ba, ba shagonsa za a ƙone ba.

Ka kuma dubi Fasto James Wuye. Shi ya gwada hanyar da ake nuna maka, ya jagoranci matasa, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikicin. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu a nan garin, kuma suna cikin waɗanda suka yi aikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke, don haka ba zan ce maka takarda tana kashe wuta ba. Amma ba wanda zai kalli dungulmin hannun Fasto Wuye ya ce tsoro ne ya sa ya ajiye makami.

Manzo Bulus ya ce a Romawa 12 mu yi zaman lafiya da kowa iyakar abin da ke hannunmu, mu bar wa Allah ramuwa. Shi ɗin dai, a Ayyukan Manzanni 22, da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, ya tambayi jarumin sojan da ke tsaye a wurin ko doka ta yarda a bulale ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, aka kuwa janye. Neman haƙƙinka ta hanyar da ta dace ba rashin bangaskiya ba ne.

Saboda haka ka fara da samunsa shi kaɗai, da sassafe kafin kasuwa ta cika, muryarka ƙasa. Ka faɗi abin da ya yi, ban da "ku mutanen nan", domin baki shi ke yanka wuya. Mai yiwuwa ma ka tarar kishin kasuwa ne ya sa wa rigar addini, ganin masu ɗinki na tsallake shagonsa suna zuwa naka. In bai ji ba, ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, na addininsa in da hali, ku koma tare. In abin ya ci gaba, akwai shugaban layi, akwai ƙungiyar teloli. Kada ka ɗauke shi bidiyo ka watsa a Facebook ko WhatsApp, can ne maganar za ta kuɓuce maka.

Ka riƙa yi masa addu'a kana ambaton sunansa, da na iyalinsa in ka sani. Da farko bakinka zai yi nauyi, nawa ma ya yi. Ka gaya wa fastonka halin da ake ciki tun yanzu, kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Ranar da kuwa ya yi barazanar taɓa jikinka ko shagonka, ka rufe shago, ka ɗauki shaida ɗaya, ku tafi wurin hukuma a ranar, kada ka bari ya kwana.